Nasabar Marubuci a Ma'aunin Masu Tarke: Daga Hukuncin Farazdaƙ Zuwa Namu

Gabatarwa

Godiya ta tabbata ga Allah, Mahaliccin harsuna da launuka. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa, Balarabensu da Bahabashensu da Bafarishensu.

Bayan haka, duk wanda ya saba karanta sharhin da ake yi wa sababbin littattafai, ko taƙarizin da ake rubutawa a farkonsu, ko rahoton masu jarraba kundayen digiri, zai lura da wani abu. Idan marubuci ɗan gida ne, wato daga al'ummar da ke da rinjaye a fagen, mai sharhi yakan shiga littafin kai tsaye: me ya kawo, daga ina ya samo, ina ya dace, ina ya kuskure. Idan kuwa ya fito daga wata ƙabila 'yar tsiraru, ko kuma baƙo ne a harshen da ya yi rubutu da shi, sai a tsaya a bakin ƙofa a fara da asalinsa. Sau da yawa a nan sharhin ke ƙarewa, littafin na ajiye ba a buɗe shi ba.

Wannan maƙala ta ɗauki tarken adabin Larabci a matsayin fagenta, domin shi ne wanda mafi yawan ɗalibanmu suka tashi a kansa, kuma a cikinsa ne aka daɗe ana fama da mas'alar mawali da baƙaƙen fata da sauran waɗanda ba Larabawa ba. Abin da nake son tabbatarwa shi ne: nasaba bayani ce da ake buƙata domin a san marubuci a kuma fahimci maganarsa, amma ba ta da gurbi a cikin hukuncin da za a yanke wa littafinsa. Zan nuna hanyoyi uku da matarka ke saɓa wa wannan ƙa'ida, sannan in nuna cewa malaman Hadisi da na Nahawu sun riga sun shimfiɗa mana hanyar da ta fi, kafin in dawo gida in auna namu aikin.

Gwani a cikin danginsa

Littattafan adabi sun ruwaito cewa Farazdaƙ da Nusaibu ɗan Rabahu sun haɗu a fadar Sulaimanu ɗan Abdulmalik. Sulaimanu ya nemi Farazdaƙ ya yi waƙa, yana tsammanin yabo, sai shi kuma ya ɓuge da wasa mahaifinsa Galibu. Ran Sulaimanu ya ɓaci. Nusaibu, wanda baƙar fata ne kuma 'yantaccen bawan Abdul'aziz ɗan Marwan, ya miƙe ya kawo baitocin yabo, suka yi armashi, aka ba shi kyauta. Da aka tambayi Farazdaƙ yaya ya ga waƙar, sai ya amsa da cewa Nusaibu ne ya fi iya waƙa a cikin masu irin fatarsa.

A duba wannan amsa da kyau. Farazdaƙ bai kama Nusaibu da karyewar kari ba, bai ce ya yi lahani ba, bai ce ya saci ma'anar wani ba. Da ya sami ɗaya daga cikin waɗannan da ya faɗa, domin shi ba mai ragawa ba ne. Da ya rasa aibi a cikin waƙar, sai ya sauya filin gasar. Ya naɗa wa Nusaibu sarauta, amma ta wata 'yar unguwa da ya keɓe masa a bayan gari, inda ba za a taɓa jera shi da Farazdaƙ ba. Wannan ita ce hanya ta farko: yabon da ke ɗaga mutum a kan danginsa domin a hana shi tsayawa kafaɗa da kafaɗa da sauran jama'a.

Muhammad ɗan Sallam al-Jumahi (ya rasu 231H) ya yi abin da ya bambanta da haka a cikin Ɗabaƙatu Fuhulish Shu'ara. Da ya zo kan Nusaibu, sai ya sa shi a ɗabaƙa ta shida ta mawaƙan Musulunci, tare da Ibnu Ƙaisir Ruƙayyat da Ahwas da Jamilu: Baƙuraishe da Ba'ansare da mutumin Banu Uzra. Abin da ya haɗa su huɗun shi ne ƙasar Hijaz da kusancin daraja a waƙa. Ana iya jayayya da Ibnu Sallam a kan ko Nusaibu ya cancanci sama da haka ko ƙasa da haka, kuma wannan ne amfanin hukuncinsa: hukunci ne da ake iya tattaunawa da hujja daga cikin waƙa. Na Farazdaƙ kuwa ya rufe ƙofar tattaunawa tun kafin a fara.

Wannan salo bai mutu ba. Lokacin da nake karatun digiri na uku a wata ƙasar Larabawa, na halarci zaman kare kundin wani abokin karatuna, ɗan Afirka ta Yamma. Ɗaya daga cikin masu jarrabawar ya ɗauki lokaci mai tsawo yana mamakin yadda mutumin da ya zo daga ƙasarmu ya iya Larabci haka, har ya ce ya kunyata 'ya'yan Larabawa. Jama'a suka yi ta kabbara, mu ma muka ji daɗi. Amma ni na san kundin, domin na karanta shi, na kuma san cewa babi na uku yana da rauni: an jingina wa wani malami ra'ayin da ya riga ya janye daga gare shi. Da ɗan ƙasar ne ya rubuta, da an tsare shi a kan wannan. Shi ba a tsare shi ba, har aka buga kundin da kuskurensa. Yabon da aka yi masa ya hana shi abin da ɗalibi ya fi buƙata, wato gyara. Wanda ba a tsammanin alheri mai yawa daga gare shi ne ake yi wa irin wannan rangwame, shi ya sa duk daɗin yabon akwai raini a ƙarƙashinsa.

Asali a matsayin mabuɗin komai

Hanya ta biyu ta fi ta farko kama da ilimi, saboda haka ta fi ta haɗari. Ita ce a ɗauki asalin marubuci a mayar da shi mabuɗin da ke fassara duk abin da ya rubuta.

A ranar 29 ga Maris 1883, Ernest Renan ya gabatar da lacca a Sorbonne ta birnin Faris a kan Musulunci da kimiyya. Daga cikin abin da ya kafa hujja da shi akwai cewa mafi yawan masana falsafa da kimiyya na zamanin Abbasiyawa ba Larabawa ba ne a jini, don haka ba za a danganta aikinsu ga Larabawa ko ga Musulunci ba. Jamaluddin al-Afgani ya mayar masa da martani a jaridar Journal des Débats a watan Mayu na wannan shekara, ya nuna masa cewa idan tushen kakanni za a bi a yi watsi da harshe da al'ummar da mutum ya tashi a cikinta, to Italiya ma sai ta ƙwace Mazarin da Bonaparte daga hannun Faransa. Abin lura shi ne yadda Renan ya karɓi wannan raddi. Ya yabi Afgani matuƙa, sannan ya fassara kaifin basirarsa da cewa ai shi ɗan tsatson Ariyawan tsaunukan Iran ne. Mutum ya kawo hujja a kan cewa jini ba ya fassara ilimi, sai aka ce masa jininsa ne ya ba shi wannan hujjar. Mazhabar da ke mayar da kowane raddi ya zama shaida a gare ta ta fita daga sahun ilimi.

Ibnu Khaldun (ya rasu 808H) ya riga Renan ganin wannan lamari da kusan ƙarni biyar, har ya ware masa fasali a cikin Muƙaddima, inda ya tabbatar da cewa mafi yawan masu ɗauke da ilimi a Musulunci ba Larabawa ba ne. Sai dai dalilin da ya bayar na zamantakewa ne: ilimi ya zama sana'a, sana'a kuwa ta mazauna birni ce, a lokacin da Larabawa suka shagala da mulki da jagorancin rundunoni. Wannan dalili ne da ake iya bincikawa a tarihi, a karɓa ko a gyara.

Manyan matarkan Masar ma ba su tsira daga tasirin wannan tunani ba. Abbas Mahmud al-Aƙƙad, a littafinsa na 1931 a kan Ibnur Rumi, ya siffanta baiwar mawaƙin da cewa baiwa ce irin ta Yunanawa, saboda yadda yake rayar da abubuwa marasa rai da yadda yake bin ma'ana har ƙarshenta. Adalci ne a faɗi cewa Aƙƙad ya yi taka-tsantsan, bai yanke cewa gado ne na jini ba. Amma laƙabin ya fi taka-tsantsan ɗin tafiya, har ɗalibai suka riƙa haddace cewa Ibnur Rumi yana tsawaita waƙa saboda kakansa Barume ne. Alhali an haife shi a Bagadaza a shekara ta 221H, a can ya tashi, a majalisun da ake muhawarar ilimin Kalam da Manɗiƙ. Wanda ke neman tushen salonsa ya fi kusa da samunsa a titunan Bagadaza.

Haka nan littafin Abduh Badawi na 1973 a kan baƙaƙen mawaƙa da siffofinsu a waƙar Larabci. Aiki ne mai amfani da ya tattara mutanen da aka daɗe ana wofintarwa, kuma duk mai nazarin wannan fage yana cin moriyarsa. Tambayata tana kan ginshiƙin da sunan littafin ya tsaya a kai. Antara jarumin Banu Abs ne na Jahiliyya, Suhaimu bawa ne da ya riski Musulunci, Nusaibu kuwa mawaƙin fadar Umayyawa ne. Abin da suka yi tarayya a kai shi ne yadda jama'a suka kalle su da kuma buƙatar su mayar da martani ga wannan kallo. Wannan abu ne na tarihi, ya cancanci nazari. Da zarar an mayar da shi ɗabi'ar da ke bin launi, to an koma gidan Farazdaƙ ta ƙofar baya, ko da niyyar mai yin haka karramawa ce.

Hana marubuci faɗin abin da ke damunsa

Kada a fahimci cewa maganin wannan shi ne a yi kamar asali ba ya nan. Hanya ta uku kishiyar biyun farko ce, kuma ita ma zalunci ce.

Muhammad al-Faituri, mawaƙin Sudan da ya tashi a Iskandariyya ya rasu a Rabat a 2015, ya fitar da diwaninsa na farko, Agani Ifriƙiya, a tsakiyar shekarun 1950. Baƙar fata da bauta da mulkin mallaka su ne jigon diwanin. Mahmud Amin al-Alim, matarki mai bin ra'ayin gurguzu, ya soke shi da cewa yana raba kan talakawa, domin a ganinsa babu wata mas'ala ta baƙaƙe daban: ma'aikaci fari da ma'aikaci baƙi duk ƙarƙashin zalunci ɗaya suke. A nan matarki bai tsare mawaƙi a cikin launinsa ba, hana shi ambaton launin ya yi. Faituri ya san abin da ya gani a idon mutane tun yana yaro, sai ga wani da bai ɗanɗana ba yana gaya masa cewa ciwon nasa kuskuren fahimta ne.

A wurinmu wannan yakan zo da rigar addini. Marubuci Musulmi daga wata ƙaramar ƙabila zai rubuta yadda ake hana 'yan'uwansa aure ko limanci saboda asalinsu, sai mai sharhi ya ce yana tayar da ƙabilanci, ai Musulmi duk ɗaya ne. Gaskiya ne Musulmi ɗaya ne a hukuncin Allah. Shi ya sa ma marubucin yake kuka, domin ya ga an saɓa wa hukuncin. Lokacin da Abu Zarri, Allah ya yarda da shi, ya goranta wa wani mutum da mahaifiyarsa, Annabi (SAW) bai ce wa wanda aka goranta wa ya yi shiru don haɗin kai ba. Abu Zarri ya tsawatar wa, ya sanar da shi cewa da sauran halin Jahiliyya a tare da shi, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Malamai kuma ba su ɗauki wannan batu abin kunya ba: Ibnul Jauzi (ya rasu 597H) ya wallafa Tanwirul Gabash a kan falalar baƙaƙe da Habashawa, Suyuɗi (ya rasu 911H) ya bi bayansa da Raf'u Sha'nil Hubshan. Idan marubuci da kansa ya sa asalinsa ya zama jigon littafinsa, wajibin mai sharhi ne ya tattauna jigon, ya duba ko an faɗi gaskiya kuma an iya faɗinta.

Abin da malaman Hadisi da Nahawu suka yi

Babu wata al'umma da ta kula da rubuta nasabar malamanta kamar malaman Hadisi. Ibnus Salah (ya rasu 643H) ya ware nau'i guda a cikin Muƙaddimarsa domin sanin mawali daga cikin maruwaita da malamai, ya bi shi da wani a kan garuruwansu. Da wannan ilimi ne muka san cewa Bukhari ana ce masa al-Ju'ufi ta hanyar wala'i ne kawai, domin kakansa Mugira ya musulunta a hannun Yaman al-Ju'ufi. Amfanin wannan duka shi ne tantancewa: kada a rikita mutum biyu masu suna ɗaya, kuma a san wa ya haɗu da wa. Idan aka zo hukunci kuwa, ma'auni biyu ne: adala da kiyayewa. A cikin lafuzzan jarahi da ta'adili babu martabar da ake kira amintacce a cikin mawali. Aɗa'u ɗan Abu Rabahu baƙi ne kuma maula, shi ne muftin Makka. Yazidu ɗan Abu Habib ɗan asalin Nuba ne, shi ne muftin Masar kuma malamin Laisu ɗan Sa'ad. Da ma'aunin da aka auna Zuhuri Baƙuraishe aka auna su.

Inda gari ko asali ya shafi hukunci, sun faɗa, amma bayan bincike. Sun ce hadisin Isma'ilu ɗan Ayyash daga mutanen Sham ingantacce ne, daga mutanen Hijaz da Iraƙi kuwa yana da rikici. Sun kai ga haka ne ta hanyar bin ruwayoyinsa ɗaya bayan ɗaya suna gwada su da na wasu. Hukuncin daga aikin mutumin ya fito, ba a shigo da shi daga waje ba.

Akwai wani misali da ya fi wannan nuna tsabtar hanyarsu. Ibnus Salah ya kawo labarin da ake cewa Abdulmalik ɗan Marwan ya tambayi Zuhuri wane ne jagoran ilimi a kowane gari, Zuhuri yana ambata suna, kowanne sai ya zama maula, har sai da aka zo Kufa aka ambaci Ibrahim an-Nakha'i sannan halifa ya sami sauƙi. Labari ne mai daɗi ga duk wanda ba Balarabe ba, kuma masu wa'azinmu suna son sa. Amma Zahabi (ya rasu 748H), wanda shi kansa asalinsa Baturkumane ne, ya yi masa hukunci a cikin Siyar da cewa munkari ne: mai ruwaito shi daga Zuhuri mai rauni ne, kuma Yazidu ɗan Abu Habib a zamanin Abdulmalik matashi ne da bai shahara ba. Labarin yana goyon bayan gaskiya, yana kuma faranta wa irin su Zahabi rai, duk da haka bai bar shi ya wuce ba.

Malaman Nahawu su ne za a fi zato da fifita jini, tunda sun taƙaita kafa hujja a kan maganar Larabawan wani zamani. Amma a duba yadda suka aiwatar. Sibawaihi, Bafarishe, ya kafa hujja a cikin al-Kitab da baitin Suhaimu, bawa Bahabashe, da na Nusaibu. Abu Firas al-Hamdani (ya rasu 357H) kuwa, basarake daga tsatson Taglib, ba a kafa hujja da waƙarsa a Nahawu, domin ya zo bayan zamanin da suka iyakance. Ashe sharaɗin shi ne mutum ya tashi a cikin harshen a lokacin da harshen ke kan asalinsa.

Tambayoyi biyu

Mai karatu zai iya cewa: ai malamai da yawa na Ahlus Sunna sun tafi a kan fifikon Larabawa. Haka ne, kuma Ibnu Taimiyya (ya rasu 728H) ya faɗaɗa magana a kai a cikin Iƙtida'us Siraɗil Mustaƙim. Sai dai a wuri guda ya bayyana cewa fifikon jinsi a dunƙule ba ya lazimta fifikon kowane mutum, har ya nuna cewa Bahabashe ɗaya yana iya fin mafi yawan Ƙuraishawa a wurin Allah. Mai sharhi kuwa ba jinsi aka ajiye masa a kan tebur ba, littafi ɗaya ne na mutum ɗaya. Ko da an sallama wa wancan ra'ayi gaba ɗaya, ba ya ba shi izinin ƙara maki ko rage shi.

Tambaya ta biyu ta fi shafar mu. Shin duk sukar da aka yi wa malaminmu daga waje ƙabilanci ce? Misalin Salihu al-Fullani ya isa amsa. An haife shi a Futa Jalon, ya zauna a Madina har ya rasu a 1803, kuma littafinsa Iƙazu Himami Ulil Absar ya yi tasiri har Indiya. Isnadinsa mafi ɗaukaka ya bi ta kan malaminsa Muhammad ɗan Sinna, wanda aka ce ya rayu sama da shekara 140. Ahmad al-Gumari na Maroko ya rubuta risala mai zafi, al-Atbul I'ilani, yana tuhumar wannan isnadi, wasu malamai kuma sun amince da Salihu sun ruwaito daga gare shi. Ɗalibinmu zai iya jin zafin wannan suka, amma tuhuma ce ta isnadi, irin wadda aka yi wa Larabawa da yawa kafin shi. Amsarta tana cikin tarihin haihuwa da rasuwa da ijazozi da shaidar waɗanda suka yi zamani da mutumin. Wanda ya amsa ta da cewa an ƙi Salihu ne don Bafulatani ne ya yi abin da Renan ya yi: ya bar hujja ya kama jini. Idan muna son a ɗauki malamanmu da muhimmanci, sai mu yarda a tsananta musu bincike kamar kowa.

Mu a gida

Laifi tudu ne. A Alƙahira ko Madina mu ne 'yan tsiraru, amma a Kano da Sakkwato da Zariya mu ne masu rinjaye, kuma abin da muke kuka da shi a can muna aikata shi a nan.

Harshenmu kansa shaida ne. Kamar yadda Larabci ya haɗa rashin fasaha da baƙon asali a cikin kalmar ajami, haka muka ɗauki sunan wata al'umma sukutum, wato Gwarawa, muka ƙera kalmar gwaranci. Idan Banufe ko Ba'igale ko Babarbare ya wallafa littafin Fiƙihu da Hausa, abin da ake fara cewa shi ne ya yi ƙoƙari, Hausarsa ta fita. Idan wanda ya musulunta da girmansa ya yi rubutu, sunan tubabbe yana biye da shi ko da ya shekara talatin yana karantarwa, kuma labarin musuluntarsa kaɗai ake son ji daga bakinsa. Idan ya yi magana a kan Usulu sai a ga kamar ya wuce gona da iri.

Shaihu Adamu Abdullahi al-Iluri (1917–1992), wanda ya kafa Markaz a Agege, ya rubuta littafi a kan Musulunci a Nijeriya da Shaihu Usmanu ɗan Fodiyo, ya rubuta Nasimus Saba a kan malaman ƙasar Yarbawa, ya kuma yi rubutu a kan tarihin adabin Larabci a ƙasar nan. Sau nawa muke ambatonsa a darasi ba tare da mun ce malamin Yarbawa ba? Idan ya faɗi abin da ya yi mana daɗi game da jihadi, sai mu ce har Bayarabe ma ya shaida. Idan ya faɗi wanda bai yi mana ba, sai mu ce ai dama ba ɗan gida ba ne. A duka biyun ba mu auna maganarsa ba. Ya cancanci a bi ruwayoyinsa a ga inda ya dogara da rubutacciyar madogara da inda ya dogara da abin da ya ji, a karɓa a kuma mayar da hujja.

Abin mamaki shi ne tarihinmu ya ƙaryata wannan ɗabi'a. Kaso mai yawa na tubalin rubutacciyar waƙar Hausa mutanen da Fulatanci ne harshen gidansu suka aza shi, irin su Nana Asma'u. Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda mahaifinsa Bagere ne, shi ya rubuta Shaihu Umar, kuma ba wanda ke karanta shi a matsayin littafin Gerawa. Ahmad Baba na Tumbuktu, wanda aka kai Marrakush a 1594, a can ana kiransa as-Sudani alhali zuriyarsa Sanhaja ce, abin da ke nuna cewa laƙabin yakan bayyana inda mai kallo yake tsaye fiye da yadda yake bayyana wanda ake kallo. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma, a cikin Infaƙul Maisur, ya kawo wasiƙun Shaihu al-Kanemi na Barno da ke sukar jihadin, ya amsa su hujja da hujja. Mahaifinsa ya riga ya yi gargaɗi a cikin Bayanu Wujubil Hijra cewa fifita wata ƙabila a kan wata yana cikin abubuwan da ke saurin rusa mulki. Abin da ke rusa mulki ba zai bar makaranta a tsaye ba.

Kammalawa

Sharhin littafi shaida ce, mai yin sa kuma za a tambaye shi. Aya ta 8 a Suratul Ma'ida ta hana ƙiyayyar wasu mutane ta kai mu ga barin adalci, aya ta 135 a Suratun Nisa'i ta wajabta tsayar da shaida ko da a kan kai ne ko dangi, aya ta 13 a Suratul Hujurat kuma ta sanya sanin juna ya zama hikimar rarrabuwar ƙabilu, ta ajiye fifiko a wurin taƙawa. Malaman Hadisi sun mayar da wannan aiki na yau da kullum: sun rubuta nasaba domin sani, sun yanke hukunci da adala da kiyayewa.

Ina ba wa masu rubuta sharhi a wannan mujalla, da ni kaina, shawarar gwaji mai sauƙi. Idan ka gama rubutu, koma ka shafe duk inda ka ambaci ƙabilar marubuci ko launinsa ko tsohon addininsa, sannan ka sake karantawa. Idan hukuncinka ya tsaya da ƙafarsa, mayar da abin da mai karatu ke buƙata domin ya fahimci littafin, musamman idan marubucin ne ya sa asalinsa a cikin jigo. Idan kuwa ka ga yabon ya rushe, ko sukar ta rasa madogara, ko sharhin ya koma rabin shafi, to ba ka karanta littafin ba tukuna. Koma ka buɗe babi na uku.

Allah ne mafi sani. Shi muke roƙo ya sa mu cikin masu adalci a fushi da yarda.